Ranar da Aka Sallami Shamkur

A kamfanin robar da Sagir yake aiki a Sharada, doka ce ba a shiga da waya. Tun a ƙofa mai gadi yake karɓewa ya jefa a akwatin katako, sai an tashi kowa ya lalubi tasa. Masu kamfanin sun ce don kada hankalin ma'aikaci ya rabu biyu ne inji ya cinye masa yatsa. Tausayi ne tsantsa, wai, ba shi da alaƙa da hoton kwatar bayan katanga da wani ya taɓa ɗauka ya yaɗa. To wannan dokar ce ta mayar da Sagir babban mutum. Mutanen da aka raba da wayoyinsu na awa goma dole su nemi abin sawa a kunne, shi kuwa Sagir yana da murya, kuma yana da littafi.

Shekara takwas ke nan, kullum idan aka idar da sallar azahar kowa ya karɓo shinkafa da wakensa, sai a taru a inuwar bangon ɗakin injina. Sagir ya ɗare kan wata tsohuwar durom ya buɗe Tafiyar Shamkur, ya yi musu karatun minti ashirin da biyar kafin a kaɗa ƙararrawa. Idan sabon littafi bai fito ba a maimaita tsoho, kuma a yi mamaki a daidai inda aka yi mamaki bara. Shamkur jarumi ne irin wanda ba a haifa a Kano ba. Yana sare kan aljani da hannun hagu yana cin dabino da na dama, kuma cikin littafi goma sha huɗu ko mura bai taɓa yi ba.

Duk cikin masu sauraro babu wanda ya ɗauki Shamkur da zafi kamar Baffa Sulemanu. Shekararsa talatin da ɗaya a kan inji mai lamba uku, wanda yake fitar da buta. Bai yi boko ba, ko sunansa da dangwale yake sawa, amma ya san tarin injin nan fiye da yadda ya san tarin matarsa. Ba a kashe shi lokacin hutu, don kada roba ta daskare masa a maƙogwaro, sai dai wani ya riƙe. Saboda haka Baffa kullum jingine yake da bangon, kunne ɗaya yana wajen Sagir, ɗaya yana ciki inda injin yake cewa ƙwas duk sanda buta ta faɗo. Shamkur kuwa ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce mutumina. Baffa ne kuma ya riƙe hannun Sagir lokacin da ya zo daga Ringim bai san kowa ba, ya nema masa gurbi, ya mirgino masa durom ɗin nan da kansa.

Ranar Litinin ɗin da Sagir ya zo da littafi na goma sha biyar, Baffa ba ya wajen, an kira shi ofis. Sauran dai sun cika inuwa. Ya'u mai lodi, wanda bakinsa ya fi ƙarfinsa aiki, ya zauna gaba kamar kullum. Naomi ta sashen ɗaure kaya, 'yar Kagoro, ta kawo kujerarta ta roba mai ƙafa uku da rabi. A bangon littafin an zana wata budurwa da baka da kibiya da wani saurayi a bayanta, can a kusurwa kuma wani ɗan tsoho ƙanƙani da awaki, wanda babu wanda ya kula da shi.

Sagir ya yi gyaran murya ya fara. Shafi na farko babu Shamkur. Na biyu babu. A na uku wata Nuwaira ta shaƙe kada da hannu a bakin kogi, ƙaninta Haizam yana yi mata kirari. Har aka kai shafi na takwas, sunan mutumin da aka rubuta ɓaro-ɓaro a bangon littafin bai fito ko a gaisuwa ba.

"Dakata, Malam Sagir," in ji Ya'u, ya ajiye cokali. "Wai ba a canza maka littafi a kasuwa ba kuwa? Su waye waɗannan? 'Ya'yan wa?"

"Abin da aka rubuta nake karantawa."

"To an rubuta shirme! Shekara takwas muna bin mutum, mun shiga kogon macizai tare, mun ƙetare tekun wuta tare, rana ɗaya a kawo mana yara masu warin nono a ce su ne jarumai? Wa ya tambaye mu?"

Ya'u bai taɓa ƙetare ko kogin Challawa ba sai a kan gada, amma ranar kowa ya yarda ya ƙetare tekun wuta, har da masu gyaɗa kai.

Naomi ta ce, "Ni dai yarinyar ta yi mini. Littafi goma sha huɗu duk macen da ta fito ko dai an sace ta ko tana kuka a saman bene. Yau an samu wadda ta shaƙe kada, sai cikinku ya ɗuri ruwa."

"Ke dama ai ba ki san darajar manya ba."

"Na san darajarsu mana, ni nake ɗaure butocin da suke yi."

Aka kaure. Wani ya ce marubucin ya mutu ne ƙaninsa ya ci gaba. Wani ya ce a'a, aure ya ƙara, amaryar ce take faɗa masa abin da zai rubuta. Ya'u ya rantse da girman Allah idan Shamkur bai dawo ba shi da littafin nan har abada, kuma da hannunsa zai cusa shi a injin niƙa roba. Da aka tashi ya karɓi wayarsa a ƙofa, bai ko matsa daga bakin titi ba ya aika saƙon murya na minti tara a guruf ɗin masu karanta littafin, ya wanke marubucin tas, sannan ya fice daga guruf ɗin don kada wani ya ba shi amsa.

Shi Sagir a cikin adaidaita sahu, a hanyar Panshekara, ya buɗe shafi na tara. Nan ya ga Shamkur. Ya ga dalilin ɗan tsohon nan da awaki. Ya karanta shafin sau biyu, ya duba na goma, ya duba na ƙarshe, ya bi littafin kaf yana neman sunan, bai ƙara ganinsa ba. Ransa ya ɓaci, amma ɓacin rai irin na mai karatu, wanda tuwon dare yake wankewa.

Na gaske da safe ya same shi. Tun a layin ajiye waya labari ya zaga cewa an ba Baffa takarda. Kamfani ya sayo sabon inji daga waje, mai allo da maɓallai, wanda ba ya tari ba ya ƙwas, kuma an ɗauko masa wasu samari biyu masu difloma, Jamilu da Sadiq. Takardar ta gode wa Baffa bisa doguwar hidima, ta ce kamfani ba zai taɓa mantawa da shi ba, ta kuma rubuta sunansa Sulaiman Musa alhali Isa ne sunan mahaifinsa. Asabar ta sama ce ranarsa ta ƙarshe.

Da azahar Baffa ya zo ya jingina da bangonsa kamar babu abin da ya faru. Ya buɗe kwanonsa, ya dubi Sagir.

"Jiya an yi babu ni. Ina aka tsaya? Ina mutumina?"

Sagir ya riga ya naɗe bangon littafin da takardar buhun siminti, ya ce don kada baƙin mai ya ɓata shi. Ya buɗe shafi na tara. Ya dubi rubutun, ya dubi furfurar Baffa. Tausayi ya kama shi, da kunya, da wani tsoro na yara. A ce shi, da bakinsa, a kan durom ɗin da mutumin nan ya mirgino masa, zai karanta masa wannan shafin a wannan makon? Ya ji ba zai iya ba.

Sai ya ɗaga murya ya ce, "Kwatsam sai ƙasa ta girgiza, duwatsu suka tsage, tsuntsaye suka watse. Nuwaira ta waiwaya a firgice, sai ga wani mahayi a kan baƙin doki."

"Shamkur!" Ya'u ya miƙe tsaye, wake ya zube. "Na faɗa muku! Wallahi saƙona ne ya isa gare shi!"

Babu wanda ya tsaya tambayar yadda saƙon jiya da yamma ya shiga littafin da aka buga wata biyu da suka wuce. Ana murna, wa yake da lokacin wannan?

Haka Sagir ya zama marubuci ba tare da ya nema ba. Da safe a adaidaita sahu yake ƙulla abin da zai faɗa, da azahar ya kafa ido a kan takarda ya zuba. Da yake bai taɓa zuwa ko'ina ba sai Ringim da Sharada, kayan da ke gabansa ya riƙa ɗiba. Aka samu wani azzalumin sarki mai tumbi, mai rataya tabarau da igiya a wuya, wanda kowa ya gane manajan kamfanin ne amma aka yi kamar ba a gane ba. Sarkin ya sayo wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe daga bayan teku, wanda ba ya numfashi ba ya ƙara, ya ce daga yau ba ya bukatar tsofaffin barade. Ranar Alhamis Shamkur ya fasa ƙirjin ƙarfen nan da gwiwar hannu. Inuwar bango ta ɗauki kabbara har mai gadi ya leƙo.

Nuwaira kuwa ta shiga uku a hannun Sagir. Ranar Laraba aka sace ta. Ranar Juma'a ta suma. Ranar Litinin aka sake sace ta, wannan karon tare da ƙaninta, don a huta gaba ɗaya.

"Sagir," in ji Naomi, tana kallonsa ta ƙasan ido, "yarinyar da ta shaƙe kada da hannu ita ce yau take suma don ta ga ɓera?"

"Ɓeran aljanu ne."

"Ehem. Ɓeran aljanu."

Ta dubi Baffa ta ci gaba da cin abincinta. Shi Baffa yana jingine, ido a lumshe, wani lokaci ya yi murmushi, wani lokaci leɓensa ya riƙa motsi kamar mai lazimi. Sagir ya ɗauka daɗin labari ne. Har ya fara jin kansa, yana tunanin ashe dai rubutun nan ba wani abu ba ne, mutane ne suke kambama shi.

Ya'u ne ya ɓata komai, kamar yadda ya saba. Ranar Juma'a da yamma ya roƙi a mayar da shi guruf, don ya je ya karɓi godiyar jama'a bisa dawo da Shamkur da ya yi. Ya ba su labarin baƙin doki da sarki mai tabarau da ƙaton ƙarfe. Mutum ɗari uku suka yi masa dariya a lokaci guda. Wani ya tambaye shi wane irin shayi yake sha a Sharada.

Ranar Asabar, ranar Baffa ta ƙarshe, ko cokali Ya'u bai ɗauka ba. Sagir yana hawa durom ya tsaya a kansa.

"Ba ni littafin nan."

"Me ya faru?"

"Ka ba ni, na ce! Ka mayar da ni mahaukaci a gaban duniya. Babu doki, babu sarki, babu uban komai! Jama'a, ƙarya yake shirga mana tun ranar Talata ta wancan makon. Shamkur ɗin ma ashe tun a shafi na..."

"Ya'u." Baffa ne, bai ko ɗaga murya ba. "Zauna."

"Baffa, ba ku san abin da yaron nan ya..."

"Na ce ka zauna. Kai jiya ka sani. Ni tun ranar Talatar na sani."

Injin da ke bayan bango yana ta ƙwas, ƙwas. Sagir ya ji kamar ya nutse cikin durom ɗin.

"Wa ya faɗa muku, Baffa?"

"Wa zai faɗa mini? Shekara takwas ina zaune a nan. Duk buta goma sha biyu kake juya shafi. Idan wajen yaƙi ne kana sauri, goma. Idan wajen soyayya ne kana jin kunya kana inda-inda, sha huɗu. Ranar Talata na ƙirga buta casa'in da shida, yatsanka bai taɓa takarda ba. Na ce ko dai shafin nan ya fi na kowane littafi tsawo a duniya, ko kuma yaron nan ya ga abin da ba ya so in ji."

Naomi ta rufe baki tana dariya ƙasa-ƙasa. Kwana goma sha ɗaya babban marubuci yana fasa duwatsu yana girgiza ƙasa, ya manta da juya shafi.

"Ku yi haƙuri, Baffa," in ji Sagir. "Na ga kamar..."

"Na san abin da ka gani. Kuma ka kyauta, Allah ya yi albarka. Sarkin nan mai tabarau ya yi mini daɗi, musamman da aka jefa shi a kwata. Amma yau zan tafi, kuma ba na so in tafi da labarin da aka dafa mini don ana jin tausayina. Karanta mini abin da mai littafin ya rubuta. Ina mutumina yake?"

Sagir ya cire takardar simintin. Ya miƙa wa Baffa ya ga zanen, ya nuna masa kusurwa da yatsa. Baffa ya daɗe yana kallon ɗan tsohon da awakinsa, sannan ya mayar masa.

Shafin bai da tsawo. Nuwaira da Haizam sun iske Shamkur a ƙofar gari, gwiwarsa ta kumbura, idonsa ɗaya ya fara hazo. Fadawa suka yi masa jawabin godiya, suka ce ƙasa ba za ta taɓa mantawa da shi ba. Ya kwance takobinsa ya ba yarinyar, ya nuna mata inda ƙotar take santsi idan hannu ya yi gumi, ya ce ta riƙa naɗa tsumma. Ta yi godiya. Aka buga tambari, rundunar ta yi gabas, shi ya kora awakinsa uku ya yi yamma, kuma babu wanda ya waiwaya.

Sagir ya tsaya. Idonsa ya cika, bai iya ɗagowa ba.

Baffa ya gyaɗa kai a hankali. "Marubucin nan ya taɓa aikin kamfani," ya ce. "Amma shi an ba shi awaki."

Wasu suka yi dariya, wasu suka kasa.

"To juya mana, me kake jira? Buta sha biyu ta wuce tuni. Bari mu ji ko yaran za su iya."

Sagir ya juya. Ya karanta shafi na goma da na sha ɗaya. Nuwaira ta shiga wani daji, takobin ya suɓuce mata a karon farko, ta tuna da maganar tsumma. Baffa ya ce, "Yawwa." Ana tsakiyar shafi na sha biyu aka kaɗa ƙararrawa.

"Saura shafi nawa?" in ji Baffa yana rufe kwanonsa.

"Ɗari da ashirin da takwas."

"To," ya ce. Ya dafa bango ya miƙe, ya koma ciki. Da yamma Sagir ya hango shi tsaye da Jamilu a gaban sabon injin yana yi masa bayanin yadda ake gane roba ta yi zafi da yawa ta wari, yaron yana gyaɗa kai cikin ladabi, idonsa yana kan allo. Da aka tashi Baffa ya karɓi 'yar wayarsa a akwatin katako, ya gaisa da mai gadi, ya tsaya a titi yana tsayar da adaidaita sahu. Manaja yana da mitin a Bompai, bai samu fitowa ba.

Ranar Litinin aka kashe inji mai lamba uku. Bangon ya yi shiru, irin shirun da Sagir bai taɓa ji ba, har ya riƙa tuntuɓe a karatu. Inuwa dai ta cika kamar kullum. Ya'u, wanda ya rantse da girman Allah zai cusa littafin a injin niƙa, shi ne a sahun gaba, yana dukan cinya yana cewa wallahi yarinyar nan namiji ce, shi dama tun ranar farko ya ga alama. Naomi ta dube shi ta girgiza kai.

Jamilu ya fito da kwanonsa yana neman wajen zama. Ya ga gurbi a jikin bango, inda siminti ya yi sulɓi saboda shekarun da baya ya yi yana gogarsa, ya zauna. Ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya leƙa bangon littafin.

"Wai ni kam, wane ne Shamkur ɗin?"

Sagir ya buɗe baki zai ba shi amsa. Littafi goma sha huɗu ne a bakinsa, da shekara talatin da ɗaya, bai san ta inda zai fara ba.

"Wani tsoho ne," in ji Ya'u, ko waiwayowa bai yi ba. "Malam Sagir, ci gaba, lokaci yana tafiya."

Sagir ya sunkuyar da kai ya nemi layin da ya tsaya.